Abin da Dutsen Niƙa Ke Riƙewa

Ƙauyen Cak 62, gundumar Sahiwal
4 ga Nuwamba, 1998

Zuwa ga 'yar ƙanena, Farkhanda,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, karatun likitanci bai hana ki ci da barci ba, kuma iskar tekun Karachi ba ta ƙara miki tarin da kika tafi da shi ba. Mahaifinki lafiya lau, in ban da ƙafar nan tasa. Ni ma lafiya nake, kuma wannan karon ba don al'ada na faɗa ba.

Kin tambaye ni ta waya abin da likitan Lahor ya gano, na ce miki sai a takarda, domin wayar ƙauyen nan a shagon mai magani take, kuma duk wanda ya ɗaga ta, kunnuwa goma ke taya shi saurare. Ga amsar. Kin san shekara shida ina ramewa, cikina na kumburi, jinina na raguwa, kowa da sunan da yake ba abin. Likitan ya zura wata siririyar igiya mai ido ta maƙogwarona, ya gutsuro abin da bai kai ƙwayar gero ba daga hanjina. Ya ce a bangon hanjin ɗan Adam akwai wasu 'yan tsirrai masu laushi kamar gashin karan-miski, dubun dubata, su ne ke tsotse amfanin abinci. Nawa sun kwanta, kamar gonar da ƙanƙara ta bi ta kanta. Abin da ya kwantar da su kuwa alkama ce. Sunan cutar siliyak, maganinta guda ɗaya tak: kada alkama ko sha'ir su sake shiga bakina har in koma ga Mahaliccina, ko da ɓurɓushi ne.

Farkhanda, shekara talatin da huɗu na koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, har na ɗauka abin mamaki ya ƙare mini a duniya. Sai ga shi ina da shekara saba'in da ɗaya an sanar da ni cewa akwai wata gona a cikina wadda ban taɓa gani ba, tana yi mini hidima ba dare ba rana, ba ta jiran godiyata. Aka kuma ce in na bar ta ta huta za ta sake tsirowa. Ta tsiro kuwa. Tun watan Yuni gurasar masara nake ci, da shinkafa, da wake. Awarwaron da ke zamewa har gwiwar hannuna yanzu ya tsaya inda ya kamata. Tsarki ya tabbata ga wanda ya shirya wannan.

Sai dai ɗana Tanwir ya gindaya mini sharaɗi a ƙofar asibiti. Ya ce, "Ammi, in kika sake kwanciya ko sau ɗaya, kin gama zaman ƙauye ke kaɗai. Rawalpindi za ki dawo." Na amsa, na ba shi kalmata, domin na tabbata ba zan kwanta ba. Kin san gidan nasa: hawa na uku, inda mutum ba ya ganin ƙasa sai ya leƙa ta taga. Ni da hannuna nake girkina, ni nake ɗaukar masarata kowace Alhamis in kai injin Nazir a niƙa. Ta ina kuskure zai shigo?

Labarin ƙauye kaɗan ne. Maƙwabciyata Allah Rakhi ta tafi Multan jiya, 'yarta na gab da haihuwa. Unguwa ta yi tsit, har kukan kurciya nake ji. Kin san ba ma shiri. Ranar da mijina ya rasu ta kawo gurasar makoki, wadda maƙwabta ke ciyar da gidan mamaci da ita kwana uku, na mayar da ita daga bakin ƙofa, na hura wutata. Shekara ashirin ke nan ba ta huce ba, ni kuma ban ga laifina ba. Ban taɓa cin hatsin kowa ba, ba kuwa da tsufa zan fara ba.

Gwaggonki,
Kishwar Sultana


Karachi
13 ga Nuwamba, 1998

Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Na gaishe ki gaisuwar ƙarama ga babba. Tari ya tafi, barci ne dai har yanzu muke wasan ɓuya da shi. Takardarki ta iso, na karanta wa ƙawata wajen gonar nan ta ciki, ta ce malaminmu ya yi wata guda yana bayanin da kika gama a layi uku.

Amma Gwaggo, wannan "ta ina kuskure zai shigo" ya ba ni tsoro. Alkama ɓarauniya ce, ba ta ƙofa take shigowa ba. Ki kula da garin yaji na kasuwa, wasu na cakuɗa shi da fulawa. Ki kula da biskit ɗin da ake miƙa wa baƙo da shayi, da kaskon da aka taɓa gasa gurasar alkama a kai, da alewar da za a ce miki "ai madara ce zalla".

In kuma Allah ya ƙaddara kuskuren, ga abin da za ki yi, kuma don Allah kada ki gyara mini da jan biro. Babu ƙwayar da ke janye abin da ya riga ya shiga, sai dai a lallaɓa jiki har ya wuce. Ki sha ruwa da yawa, tafasasshe, da ɗan gishiri da sukari, kurɓi kurɓi. Ki ci faten shinkafa da ƙananan wake mai ruwa-ruwa, ba yaji ba mai, da ayaba. Shayin citta ko na na'a-na'a yana kwantar da tashin zuciya. Ki ɗora kwalbar ruwan ɗumi a ciki, ki kwanta. Madara ki bar ta 'yan kwanaki. Kada ki yarda kowa ya ba ki maganin wankin ciki. In kika ga jini, ko ruwa ya ƙi zama, to wannan ba na gida ba ne, asibiti za ki, ko da a bayan amalanke ne.

Ita kuwa Inna Rakhi, na san kina kewar muryarta, kunya ce ta hana ki faɗa.

'Yarki mai biyayya wani lokaci,
Farkhanda


Cak 62
3 ga Disamba, 1998

Farkhanda,

Sallama da fatan alheri. Ina addu'a kina lafiya. Game da tawa lafiyar, zan faɗa miki gaskiya, bisa amanar cewa za ta tsaya tsakanina da ke.

Na kwanta. Ranar Juma'a ashirin ga watan jiya, bayan sallar azahar, cikina ya murɗa kamar ana matse wanki. Kafin la'asar na rasa ƙarfin ɗaga buta. Kwana shida na yi tsakanin gado da bayan gida, kaina cike da hazo, har lissafin raka'a ya riƙa kufce mini, ni da nake raba lambobi bakwai a ka. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban ci alkama da sanina ba.

Na bi takardarki layi-layi, kuma ban taɓa ta da jan biro ba. Na ajiye tulun ruwan gishiri da sukari kusa da gado, ina kurɓa kamar tsuntsu. Kwalbar ruwan ɗumi ta yi mini abin da ban zata ba. A rana ta uku na rarrafa na dafa faten shinkafa, cokali huɗu na iya ci, suka zauna. A rana ta biyar na ji ƙanshin citta ya yi mini daɗi, na san an juyo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu abin da na yi wanda za a kira magani. Ruwa, ɗumi, haƙuri. Jikin ne da kansa ya share ɓarnar, kamar yadda kogi ke washewa bayan ambaliya ba tare da kowa ya tace shi ba.

A rana ta biyu matar liman ta ga ƙofata rufe, ta shigo da kwano a lulluɓe. Daliya ce, kunun ɓarzajjiyar alkama, wanda tun kaka da kakanni shi ake ba marar lafiya a ƙasar nan. Na ce mata, "'Yar'uwa, wannan shi ne abin da ya kayar da ni." Ta ce, "Haba Ustani, malamarmu, ai wannan ba gurasa ba ce, abincin majinyata ne. Ko jariri yana sha." Na yi mata bayani sau uku, ta fita tana cewa boko ya taɓa ni. Na roƙe ta ta rufe bakinta, ban san ko ta rufe ba.

Da na miƙe na yi wa gidan nan binciken ɓarawo. Na zubar da duk yajin kasuwa. Alkamar da masu noma gonata suka kawo mini bana, wadda ke rumbu, na sa an kwashe an raba wa mabuƙata, ba ni da sauran amfani da ita. Kaskon gurasa da katakon murji da na shigo da su gidan nan ina amarya, na ba da su. Har tsofaffin buhuna na fitar. Yanzu gidan fayau yake, zuciyata ma ta yi sauƙi, kamar matafiyin da ya sauke kaya.

Tanwir ba ya buƙatar sanin wannan. Na sani na ba shi kalmata, kuma wannan ɓoyon yana ci mini rai. Amma ba zan bar gidan da na yi shekara arba'in da takwas a cikinsa saboda kuskuren da ban san ko mene ne ba.

Gwaggonki,
Kishwar Sultana


Karachi
27 ga Disamba, 1998

Gwaggo,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ni lafiyata lau, hankalina ne ba ya jikina.

Wannan ce takarda ta biyu. Na rubuto tun goma ga wata, shiru. Na buga waya shagon mai magani sau biyu, ya ce bai ga giccinki ba kwana da kwanaki.

Na karanta takardarki har ta kusa yagewa. Rubutunki da ke tsaye kamar sojoji ya karkace. Kin raba hatsin rumbu, kin ba da kaskon aurenki, kin ce kin zama matafiyin da ya sauke kaya. Gwaggo, haka Kaka ta yi sati biyu kafin ta rasu, a gabana ta raba tukwanenta. Me kike so in fahimta?

Na gaya wa Yaya Tanwir. Komai na gaya masa. Ki yi fushi, ki cire ni daga addu'arki, na yarda. Gara ki yi fushi da ni kina da rai. Ya so ya taho a daren, aiki ya riƙe shi, ya turo wa liman saƙo ya duba ki, aka ce masa kina tashi kina zama. Ya ce kwana uku bayan Salla zai zo da mota, ki haɗa kayanki.

Don girman Allah ki amsa, ko da layi ɗaya ne.

Farkhanda


Cak 62
5 ga Janairu, 1999

Farkhanda,

Wa alaikumus salam. Ina raye, kuma da ba don azumi ba, da gaisuwar ta fi haka gajarta.

Na ba ki amana kin kai ta kasuwa. Mace ta share gidanta daga abin da ke cutar da ita, ke kuma kin karanta wasiyya. Da kin kasance ɗalibata, da na rubuta miki a gefen takarda: ki amsa tambayar da aka yi. Amma na kwana biyu da fushin, na ga cewa tsoro ne ya karanta miki takardar, tsoron kuma daga ƙauna yake. Na yafe, ko da yake ban gama jin haushi ba.

Dalilin shiruna shi ne na sake kwanciya, sha ɗaya ga Disamba, kuma ta fi ta farko tsanani. Kwana tara. Na sake bin hanyar nan taki, ruwa da fate da ɗumi, ta sake fitar da ni. Azumin farko ma ban samu ba.

Yanzu ki natsu, domin abin da zan faɗa miki ya fi fushina girma.

Da na samu ƙarfin riƙe alƙalami na zana jadawali: kwanaki a gefe, abin da na ci a gefe. Sai na ga duka kwanciya biyun ranar Juma'a suka fara, washegarin ranar da na karɓo sabon gari. Tsakaninsu kuwa shinkafa kawai nake ci, shi ya sa na warke. Alhamis da ta wuce na ɗauki sandata na nufi injin niƙa, ba tare da masara ba.

Nazir na ganina ya kashe injin. Na ce, "Nazir, me kake zuba mini a gari?"

Ya dafe ƙirji. "Ni? Ustani, ki ji tsoron Allah, da azumi a bakina! Abin da kika kawo shi nake niƙawa."

"To ta ina alkama ta shiga masarata?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ta ina rana ke fitowa. Sai ya kira ni kusa, ya sassauta dutsen niƙa na sama da ke cikin injin, ya zura hannu tsakanin duwatsun biyu, ya fito da shi fari fat. Ya ce, "Ai dutse ba ya sakin komai duka. Kullum yana riƙe kamar rabin kilo a cikinsa. Na wanda ya riga ki shi ke fara fitowa a buhunki, naki kuma ya saura ya fita a buhun na bayanki. Ba wanda ya yi asara, ba wanda ya ci riba. Haka yake tun zamanin babana. Kowa ya san wannan."

Na ce, "Ni ban sani ba."

Ya ce, "To ai ba a koyar da shi a makaranta."

Na haɗiye wannan, domin gaskiya ce. Na ce, "In haka ne, me ya sa na yi wata biyar lafiya lau, alhali garin nan kowa alkama yake niƙawa?"

Nan ya fara sosa ƙeya, yana duban ƙofa. Ya ce an sa shi ya rantse. Na ce masa na koyar da uwar 'ya'yansa, kuma na san yadda ake sa mutum ya tuna karatu. Ya ce, "Wayyo ni. Inna Rakhi ce. Kin san marigayi mijinta shi ke sassaƙa mana haƙoran dutse, ta san cikin injin nan fiye da ni. Ranar da labari ya bazu cewa likita ya hana ki alkama, ta zo ta tsaya nan inda kike, ta ce, 'Wannan mai ilimin za ta kashe kanta da tsabta. Za ta wanke tukunya sau bakwai, ta kawo masara nan a niƙa mata a kan alkamar gari.' Tun daga ranar, kowace Alhamis tana riga ki zuwa. Ta sa in buɗe dutse ta share da tsintsiyarta, sannan ta zuba masararta a niƙa, kashi biyu, sai ta ga garin ya fito rawaya zalla. Ta ɗauki kayanta ta bi ta bayan masallaci don kada ku haɗu. Ta ce in na gaya miki sai ta zuba mini yashi a dutse."

Na ce, "Masara? A watan Yuni?" Domin kin sani, a ƙasar nan ba mai cin gurasar masara sai da sanyi.

Ya ce, "Ai har waƙa yara suka yi mata. Duk zafin nan gidanta masara suke ci, ɗanta na ƙorafi, tana cewa likita ne ya ce ta ci. Da za ta tafi Multan ta bar mini buhu, ta ce in riƙa yi. Na yi sati biyu. Sai bukukuwa suka taso, layi har waje, na manta. Ustani, ki yafe mini, wallahi na ɗauka tsegumin tsofaffi ne."

Na nemi buhu na zauna.

Farkhanda, ki yi wannan lissafin tare da ni. In dutse na riƙe wani kaso na kowane niƙa ya miƙa wa na gaba, to a cikin abin da ya riƙe akwai kason na jiya, a cikin na jiya akwai na shekaranjiya. Kason yana ƙanƙancewa, amma na sha koya wa 'yan mata cewa abin da ake ta rabawa ba ya taɓa zama babu. Ashe duk gurasar da aka gasa a ƙauyen nan tana ɗauke da hatsin kowane gida: na liman, na mai aski, na wanda ake gaba da shi, na waɗanda suka daɗe a kabari. Alkamar ƙarshe da mijina ya kai da hannunsa ba ta gama fita daga dutsen nan ba. Ni kuma da nake taƙama ban taɓa cin hatsin kowa ba, shekara arba'in da takwas ban ci loma ɗaya da tawa ce ni kaɗai ba. Na zauna a kan buhun nan, ƙurar gari na yawo a hasken taga, na ji tsigar jikina ta tashi kamar ranar da na fara ganin Ka'aba. Sai daga baya na tuna ƙurar ma alkama ce, na rufe hancina da mayafi na fito.

Tanwir zai zo, kuma yana da gaskiya. Na kwanta har sau biyu. Ban san abin da zan ce masa ba.

Gwaggonki,
Kishwar Sultana


Karachi
12 ga Janairu, 1999

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Lafiya lau nake, yanzu da na ga rubutunki ya miƙe. Na karɓi faɗan, na cancanci fiye da haka. Na yi kuka a wajen Inna Rakhi, na kuma ji kunya: na lissafa miki yaji da biskit, ban tuna da injin niƙa ba, ni jikar manoma.

Amma ki saurare ni a matsayin rabin likita. Abin da ta yi ya rage cutar ƙwarai, bai kawar da ita duka ba. Ki bar injin gari kwata-kwata. Ki sa a sassaƙo miki sabon dutsen niƙa na hannu, wanda bai taɓa ganin alkama ba. Na san yana da nauyi, kuma na san kafaɗarki. Mata biyu ke juya irinsa. Ban ce komai ba, lissafi kawai na yi.

Zan yi wa Yaya Tanwir magana, sai dai kin san shi, ɗanki ne.

Farkhanda


Cak 62
27 ga Janairu, 1999

'Yata Farkhanda,

Aminci ya tabbata a gare ki, da fatan kin yi Salla lafiya, Allah ya karɓi ibadarmu. Lafiyata ƙalau. Kwana talatin da bakwai ke nan cikina bai yi mini gardama ba.

Rakhi ta dawo ana jibi Salla, an samu ɗa namiji. Na bar ta ta huta kwana ɗaya, sannan na sa fararen kayana na je ƙofarta. Taku goma sha huɗu ne daga tawa, na ƙirga, amma ban taɓa yin tafiya mai nisansu ba. Ta buɗe, hannunta duk ƙullu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ustani a ƙofata? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba wanda ya mutu, kuma an ce mini ke ce sanadi. Na zo godiya."

Ta ce, "Nazir! Bakinsa kamar rariya. Bari in gama, yashin nan sai ya sha shi."

Na shirya jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da kammalawa. Ban kai jimla ta biyu ba ta katse ni. "Ke dai tsaya da wa'azin nan. Dubi yadda kika koma kamar sandar rake da aka tsotse. Wata biyu kawai na juya baya!"

Na ce, "Rakhi, me ya sa kika yi? Ban taɓa yi miki alheri ba."

Ta goge hannu a zaninta. "Allah ya ba ki ilimi, ya hana ki wayo. Zan zauna ina kallo ki mutu a kan abin da mudun masara ke magancewa? Kuma in kin mutu, da wa zan yi gaba? Matar liman? Ai ita ba ta iya ba."

Na yi dariya har na riƙe bango, sai na ga hawaye ne ke zuba. Ta ce in shigo kada mutane su ce ta doke ni.

Dutsen hannun ya iso washegarin Salla, ita ta zaɓo shi wajen masassaƙa, ta ƙi guda uku kafin ta yarda da na huɗu. Na gwada juya shi ni kaɗai, sau biyu ya zagaya kafaɗata ta ƙi. Sai ta zauna gabana ta kama sandar juya shi daga sama, na kama daga ƙasa. Tana turawa ina ja. Garin ya riƙa zubowa ta gefe, rawaya, da ɗumi kamar mai rai. Ban taɓa sanin gari na fitowa da ɗumi ba.

Tanwir ya zo ranar da ya faɗa. Ya tarar da akwatina a ɗaure a tsakar gida, domin kalmata kalmata ce. Na zaunar da shi na gaya masa komai da bakina, har ɓoyon da na yi, na nemi gafararsa. Na ce, "Ga dalilin cutar, ga maganinta, dutsen can da ke gindin bishiya. Amma na yi alkawari. In ka ce in shiga mota, zan shiga, ba kuwa za ka ji ƙorafi daga gare ni ba."

Ya dubi dutsen. Ya ce, "Ammi, ba garin ne ya hana ni barci ba. Kwana tara kina kwance, ba wanda ya sani sai da aka aiko a duba. In kin faɗi a ɗaki, wa zai ji?"

Sai murya ta faɗo daga bayan katanga, domin ashe tana tsaye a kan turmi tana saurare. "Ni zan ji! Tarinta ma ina ji. Shiga ce ba ni da ita, sai na zagaya ta titi na yi sallama kamar mai tallan kifi."

Tanwir ya ɗaga kai ya ce, "Inna Rakhi, ina wuni."

"Lafiya lau, ɗan birni. Ka kai ta benen naka, sati biyu ka dawo da ita a likkafani. Wa zai niƙa mata a can? Matarka mai farce?"

Ya tashi ya bi katangar da ke tsakanin gidajen biyu yana ƙwanƙwasa ta da yatsa, kamar yadda mahaifinsa ke yi in yana tunani. Sannan ya juyo ya ce, "Ammi, zaɓi biyu ne. Ko mota, ko a fasa ƙofa a nan, Inna Rakhi ta shigo duk lokacin da ta ga dama, ba sallama, ba izini."

Farkhanda, na dubi motar, na dubi katangar. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na auna su da gaske, domin ban san wanne ya fi tsada a wurina ba. Sannan na ce a kira magini.

Kafin magariba an fasa. Da bulo na farko ya faɗo, hasken tsakar gidanta ya shigo nawa, na ga itacen lemun da na shekara ashirin ina jin ƙanshin furensa ban taɓa ganin gindinsa ba. Tanwir ya kwance akwatina da hannunsa. Da safe ya koma Rawalpindi da ƙullin garin masara na farko da muka niƙa.

Jiya kafinta ya zo sa ƙyaure. Na ce masa, cikin mutunci, ƙofa ba ta cika sai da sakata. Ya ce gaskiya ne, a wane gefe za a kafa? Kafin in buɗe baki Rakhi ta ce, "A nawa. Wannan matar in ta saba shigowa, ba zan ƙara samun hutu ba."

A nata gefen aka kafa. Har yanzu ban ji ta tura ta ba.

Ki zo hutun bazara, ki taho da kafaɗunki.

Gwaggonki mai yi miki addu'a,
Kishwar Sultana